Guzumar Inna da Dajin Dasashina

Ni ce autar Inna, kuma ni ce mai bakin gidanmu. Tun ina ƙarama ake cewa da baki yana noma, da ni kaɗai na ciyar da ƙauyenmu na kusa da Mallawa. Da aka sa ni lekol, makarantar boko, sai bakin ya samu sana'a, na zama malamar makaranta a Magariya, ina yini ina daka wa 'ya'yan mutane tsawa ana biyana a ƙarshen wata. Shi ya sa da ciwo ya tashi kama ni, ya duba duk faɗin jikina bai ga masauki ba sai cikin baki, aka samu masu cewa alhaki ne. Na ji su sarai. To ga ni nan, kuma bakin bai mutu ba.

Da asuwaki abin ya fara. Wata safiya na ciro shi na ga jini a kansa, na tura harshe na ji dasashina na ƙasa, ta hannun dama, ya ɗan tasa. Ba zafi, ba zogi. Rashin zafin nan shi ya cuce ni, don mu a wajenmu ciwon da bai hana mutum cin tuwo ba ba a lissafa shi a ciwo. Na ɗora wa goro laifi, na rage ci. Na kuskure baki da ruwan gishiri har na gaji. Majo, babban mai jinya na asibitin unguwarmu, ya haska da tocila ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga. Ya rubuta mini magani na shanye, ya sake rubuta wani shi ma na shanye. Kumburin ko gezau, sai ma faɗi da yake ƙarawa a hankali, launinsa ya koma kamar ɗanyar hanta. Haƙora biyu suka fara girgiɗi. Leɓena na ƙasa ya mutu, in na sha koko sai ya zubo mini a haɓa ban sani ba, sai na ga yaran ajina sun sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Zanina ya riƙa yi mini yawa, kuma kullum na tashi sallar asuba sai in tarar da rigata sharkaf da zufa, ko da sanyi ake yi.

Da aka ba da hutun damina na kwashi 'ya'yana uku muka tafi ƙauye, kamar yadda nake yi duk shekara tun rasuwar babansu. Gidanmu gidan noma ne da kiwo, rumbuna a gaba, garke a baya. Yayana, ɗan farin Inna, shi ne mai gida yanzu. Yana ganina ya ce, "Ke kuma goro nawa kika cusa a kunci?" Da na buɗe masa bakin sai dariyar ta ɗauke. Ran kasuwar Mallawa ya goya ni a babur zuwa rumfar wanzamin gidanmu, wanda ya yi wa 'ya'yanmu duka askin suna. Wanzami ya taɓa haƙoran ya ce daga saiwa suka ruɓe, in aka cire su mugun jini zai samu hanyar fita. Ya sa awartaki, suka fito ba gardama, kamar ana tuge gyaɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi kansa sai da ya yi turus yana juya su a tafin hannu, don lafiyarsu lau, ba rami ba tsutsa.

Gurbin bai rufe ba. Nama ne ya tsiro daga ciki ya cike shi, ya haura, har na daina iya haɗa haƙoran sama da na ƙasa. Da kasuwa ta zagayo muka koma, wanzami ya leƙa, ya maida askarsa cikin zabira. Ya ce, "Malama, wannan ya fi ƙarfin zabirata. Ku nemi gaba." Har yau ina gode masa, don da wani ne da sai ya sake yankawa.

Inna tsohuwa ce doguwa, siririya, haƙoranta jajaye da fure, kuma ba ta ɓarnar magana. Shanu ta sani kamar yunwar cikinta. Ba a taɓa shigo da saniya garkenmu ba sai ta kama muƙamuƙinta ta ɗage leɓe ta ƙirga haƙora, sannan ta ce a saya ko a maida wa mai ita. Tana da wata jar guzuma da ita kaɗai take tatsa, wadda ta ce ko fari ya cinye garken kaf ba za a kai ta kasuwa ba. Ranar da muka dawo daga wurin wanzami karo na biyu, Inna ta ce in buɗe ta gani. Ta leƙa, ta daɗe, ta koma ta zauna a kan turmi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wancan abin ne." Ba ta kira sunansa ba, don ba a kiran daji da sunansa a gaban mai shi.

Daji ne ya kashe babanmu, a wuya ya fito masa, ina budurwa. Damina biyu aka yi ana shafa masa saiwoyi ana ba shi rubutu, sai da abin ya fashe ya fara wari aka kai shi asibiti. Suka yanka, suka ɗinke, bai ga kaka ba. Tun daga nan Inna ta kama abin da kowa yake faɗa a ƙasarmu ta riƙe shi da hannu biyu: daji ba ya son ƙarfe. In aska ta taɓa shi, ko allura, sai ya fusata ya bazu. Yanzu ga shi awartakin wanzami ya taɓa nawa, ya tashi kamar an yi masa kirari. A wajen Inna shaidu biyu sun cika, shari'a ta ƙare.

Ni kuwa na hau mota na tafi Damagaram. Likitar baki da na samu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta danna kumburin, ta laluba ƙarƙashin muƙamuƙina ta ji kaluluwa, ta sa aka ɗauki hoton ƙashin. Na tambaye ta kai tsaye ko daji ne. Ta ce yana iya zama, amma daji iri-iri ne, kowane da maganinsa, kuma ido ba ya rarrabe su. Dole ta yanki ɗan nama kamar ƙwayar masara a aika Yamai a duba shi a madubin likita. Ta ce ba za ta yi faɗa da abin da ba ta san sunansa ba. Wannan magana ta shige ni, don ni ma ba na dukan yaro sai na tabbatar shi ya yi laifin. Ta sa mini rana, na koma ƙauye in faɗa musu, tunda ban saba yin abu a ɓoye ba.

Da la'asar ce, muna tsakar gida, Inna tana kaɗa nono a gora. Yaya ne ya fara tsalle. Ya ce, "A yanki naman mutum yana raye, a sa a kwalba a kai Yamai? Mu da ko farce muka yanke sai mun binne? Wa ya san hannun da zai faɗa?"

Na ce, "Yaya, in akwai mai son yi mini sammu da wannan naman, ya zo in ƙara masa. Ina da shi har ya yi mini yawa."

Inna ba ta daina kaɗa gorarta ba. Ta ce, "Auta, ba za a sa miki ƙarfe ba. Akwai mai magani a Sassumbrum, shafawa yake yi, ba ya yanka."

"Irin shafawar da aka yi wa Baba?"

"Babanku ƙarfe ya kashe shi."

"Ba ƙarfe ba ne, Inna. Damina biyun nan ce da aka yi ana shafawa. Ƙarfe dai shi ya zo a ƙarshe, shi aka ɗora wa gawar."

Gora ta tsaya. Yaya ya yi a'uziyya, matarsa ta kora yara waje. Kowa a gidan ya san wadda ta yi damina biyu tana shafa wa Baba magani da hannunta, safe da yamma, ba ta taɓa toshe hanci ba. Inna ta ajiye gorar a hankali, ta dube ni, ta ce, "To ji nan. In kika bari suka taɓa ki da ƙarfe, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Uwa in ta riƙe nononta, ɗa ba ya ganin daidai a duniya, kuma bai san da wace fuska zai tashi a lahira ba. Na yarda da haka a lokacin, na yarda da shi yanzu, boko bai goge mini wannan ba. Amma ina jiyo muryar 'ya'yana a bayan danga, marayun uba, ga ni ina neman in cika musu maraicin. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce, "Inna, gara ki yi fushi da ni ina raye, da ki yafe mini ina cikin likkafani." Na tashi na shiga ɗaki na haɗa kayana.

Yankan da aka yi ta tashin hankali a kansa bai kai tsawon dama fura ba. Allura ɗaya ta kashe wurin, na ji ɗan ƙaras, aka ɗinke. Likita ta ɗaga mini kwalbar na ga abin yana yawo cikin ruwa, ɗan mitsitsi, wanda kaza za ta haɗiye ba ta tsaya ba. Na ce masa ya gaida mutanen Yamai. Likita ta yi dariya, ni ma na yi, amma ina fita na samu gindin bishiya na zauna na yi kuka mai isata, don na san yanzu maganar Inna ta hau kaina.

Jiran sakamako ya fi yankan ciwo. Na koma gidana na Magariya, kullum da safe in ɗauki madubi in leƙa in ga ko ya fusata. Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoro. Mutum yana iya ƙaryata magana da baki alhali cikinsa ya yarda da ita. Kumburin dai ya ci gaba da tafiyarsa yadda ya saba, bai ƙara sauri ba, bai rage ba.

Da sakamako ya zo, likita ta zaunar da ni ta ce sunansa linfom. Ta ce daji ne na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda suke zama a cikin kaluluwa suna tsaron jiki. Yawanci a wuya yake fitowa, ko a hammata, ko a matsematsi. Nawa ne ya zaɓi dasashi, abin da ba a cika gani ba, shi ya sa ake ɗaukarsa ciwon haƙori a yi ta cire haƙora a banza. Ba goro ya kawo shi ba, ba awartaki ya tayar da shi ba, ba a kuma ɗaukarsa a ludayi. Maganar alhaki ban tambaye ta ba, ni na yanke wa kaina hukunci cewa ba shi ba ne. Sannan ta ce irin wannan ba yanke shi ake yi ba, magani ake sawa ta jijiya, zagaye bayan zagaye, wata da watanni. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce dai yana daga cikin masu jin magani, in mutum ya daure ya kai ƙarshe bai yanke a hanya ba. Na ce a raina, to Inna, ba aska, amma ga allura nan ba iyaka.

Ranar da zan tafi Yamai sai ga Yaya a tasha, ya sayar da bijimi. Ya cusa mini ƙullin a jaka yana kallon wani gefe. Ya ce, "Ban yarda ba fa. Amma ba za a ce ƙanwata ta tafi Yamai hannu rabbana ba." Na tambaye shi Inna, ya ce tana nan.

A Yamai aka tura ni cikin na'urar da ke leƙa jiki duka, aka ɗebi jini, aka huda ƙashin ƙuguna da wata ƙatuwar allura aka zuƙi ɓargo. Wannan kam da Inna ta gani da ta ce ai ga irinta nan. Aka tarar abin yana dasashi da kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi, bai yi nisa ba. Sai aka fara abin da suke kira shimiyo. Ɗaki ne da kujeru a jere, kowa da gorar ruwansa a rataye, mata daga ko'ina, wasu ko yaren juna ba ma ji, sai dai mu yi wa juna sannu da ido. Akwai wani jan magani a ciki da in aka tura shi sai fitsarin mutum ya koma ja. Da mai jinya ba ta gargaɗe ni ba, da na ɗauka ajali ne ya iso. Na yi amai har na ji kamar hanjina zai biyo. Ƙwayoyin da ake haɗa mini da su kuma suka sa mini yunwar kura, ga baki ba ya karɓa.

Ba a daɗe da zagayen farko ba, wata safiya ina alwala na rufe baki sai na ji ƙas. Haƙorana na sama ne suka sauka a kan na ƙasa. Na manta rabon da in ji wannan ƙara. Na ɗauki madubi na ga tsaunin nan ya saɓe, ya fara komawa inda ya fito. Na tsaya a tsakar gidan mutanen da suka sauke ni ina ta haɗa haƙora kamar mai jin sanyi, hawaye yana zuba. Na kira Yaya a waya na ce ya faɗa wa Inna. Ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa Inna. Amsar da ta dawo mini ita ce Inna ta ji.

Tsakanin zagaye da zagaye, in jiki ya yarda, sai in yi doguwar tafiyar nan in zo ƙauye in ga 'ya'yana. Kowace safiya in je in durƙusa in ce, "Inna, ina kwana," ita kuma ta kalli saman kaina kamar tana duba hadari. Sai dai fushin ya jefa ta cikin matsala. Yaya ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ko ta yi masa magana ido da ido ba. Sauran 'yan'uwanmu mata suna gidajen aurensu a nesa. Yanzu ga auta ma ta shiga sahun waɗanda ba a yi wa magana. Tsohuwa ta rasa inda za ta sauke abin da ke cikinta, sai ta koma wa guzuma.

Ina zaune a kan tabarma kusa da garke, gashina ya zube tas, sai na ji ta tana tatsa tana cewa, "Ke guzuma, kin ga masu zuwa Yamai sun dawo? Mutum muka sani ya tafi, ga shi an maido mana ƙwarya."

Na ce, "Guzuma, faɗa wa mai tatsarki ƙwaryar nan yanzu tana rufe baki, har tuwo take taunawa."

"Guzuma, zama cikin raɓa ba kallabi ai sai masu ilimi."

Na jawo kallabina na ɗaura. Haka muka yi ta yi, wata da watanni, saniya tana tuƙa a tsakaninmu ba ruwanta. Matar Yaya takan toshe baki da mayafi ta gudu madafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da nake da shi ai ba a lekol na koyo shi ba.

Masu zuwa dubiya kuwa da fuskar ta'aziyya suke shigowa, su zauna nesa-nesa suna magana ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi mini wanka. Sai in cire kallabi in nuna musu kan, in wangale baki in ce su matso su leƙa, kallo kyauta ne. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙa ta ce, "Haka yake yi, 'yar nan. In ya ji ƙarfe sai ya kwanta lamɓo, daga baya ya taso gaba ɗaya." Na ce, "To Gwaggo, in ya taso zai tarar da ni a tsaye."

Faɗa da baki ke nan. A tsakiyar zagayen jiki ya gaza. Bakina ya yi gyambo ciki da waje, yatsuna suka riƙa yi mini kamar ana tsira musu ƙaya, zazzaɓi ya kwantar da ni har sai da Yaya ya kai ni asibitin Magariya aka riƙe ni. A kan gadon nan na tambayi kaina ko bakin Inna ne ya fara aiki. Mutuwar ba ita ta fi ba ni tsoro ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne Inna ta tsufa, ni kuma ga yadda nake, ɗayanmu yana iya tafiya kowace rana a bar maganar nan a tsaye ba mai kwance ta. Yaya ya zauna a bakin gadon ya ce, "Ki je ki durƙusa ki ce kin bar allurar. Ta yafe miki, sannan ki ci gaba da zuwa a ɓoye. Wa zai faɗa mata?" Na ce, "Yaya, yafiyar da aka karɓa da ƙarya ba ta kai mutum ko bakin ƙofa. In za ta yafe, ta yafe mini da allurar a hannuna."

Da aka sallame ni ba abin da yake wuce maƙogwarona sai madara. Likitan asibitin kuma ya hana ni ɗanya, ya ce jinina ba shi da masu tsaro yanzu, sai an tafasa. A gidanmu da ɗuminta ake sha daga hantsa. Inna ta yi imani in aka ɗora sabuwar madara a wuta, hantsar saniyar ce take ƙonewa ta ƙafe, kuma tun da aka haifi guzuma madararta ba ta taɓa ganin murhu ba. Da aka kawo mini ƙwarya daga ɗakin Inna na maida ita, na ce a faɗa wa guzuma likita ya hana ɗanya. Na jiyo Inna tana cewa, "Guzuma, yau kuma ke ce ba ki da tsabta."

Washegari matar Yaya ta fara kawo mini tafasasshiya, da ɗan warin hayaƙi. Na ɗauka ta shanun Yaya ce. Wata rana da hantsi na lallaɓa bayan ɗaki, sai na tarar da Inna tsugune gaban duwatsu uku, ta ɗora 'yar tukunya tana juyawa, tana waiwayen garke tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, kwana nawa ne." Muka haɗa ido. Ta juye a ƙwarya, ta ƙwala wa matar Yaya kira, ta miƙa mata kamar ba na wurin. Matar Yaya ta karɓa, ta juyo, ta miƙo mini.

Da wata ce, da ta ce shi ke nan, ai an yafe. Ni ban ce ba. Da baki aka ɗaure ni, da baki nake so a kwance ni. Na shanye madarar, na koma Yamai na miƙa hannu aka ci gaba.

Da na gama zagayen duka aka sake tura ni cikin na'ura. Likitan Yamai ya ce bai ga alamarsa ba. Bai ce ya tafi har abada ba, ya ce in riƙa zuwa ana dubawa, kuma har yau ina zuwa. Haƙora huɗu na rasa gaba ɗaya, biyu a hannun wanzami, biyu suka bi su daga baya, gefen leɓena bai gama farfaɗowa ba, gashina ya fara tsirowa kamar na jariri. Na iso ƙauye shekara ta zagayo, ana cikin yankan gero. Da safe na tarar da Inna tana tatsa. Ban durƙusa a inda na saba ba, na je na tsaya tsakaninta da kan guzuma.

Na ce, "Inna, na gaji da aike. Guzuma ta tsufa, ba ta kai saƙo daidai. Ga ni, ga ki. Ƙarfe ya taɓa ni har na daina ƙirgawa, ban mutu ba, kuma in abin ya dawo gobe zan sake miƙa hannu. Kin yi wa Baba abin da kika sani, ni ma na yi wa kaina abin da na sani. Ban zo in ce na tuba ba. Na zo ki sakar mini nonona."

Ba ta ɗago ba sai da ta gama tatsa. Ta ajiye ƙwarya, ta goge hannu a zani, ta miƙe. Ta kama muƙamuƙina da hannu ɗaya, ta sa babban yatsa ta ɗage mini leɓe, ta juya fuskata wajen rana. Ta daɗe tana dubawa. Ta danna inda tsaunin yake a da, ta tarar da shi a shafe.

Ta ce, "Haƙori huɗu babu. Wannan ko an kai ta kasuwar Mallawa ba mai tayawa." Ni take kallo, ba saniya ba. "Sai dai ta zauna a garke."

"Inna, ba wannan na tambaya ba."

"Kai, wannan 'ya da naci!" Ta saki haɓata, ta share ido da bayan hannu kamar hayaƙi ne ya shiga, alhali ba wuta a wurin. "Na yafe, Auta. Duniya da lahira na yafe. Da ban yafe ba kya ga na ƙona wa guzuma hantsa saboda ke?" Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar. "Ɗanya ce. Likitan naki ya sake ki, ko in hura wuta?"

Na ce, "Hura, Inna."

Ta harare ni, ta tafi neman kara. A tsakar gida ta hura, kowa yana gani. Da madarar ta huce ta miƙo mini da hannunta, na kafa kai. Ta zubo ta gefen leɓen da ya mutu ban ji ba, sai da Inna ta sa bakin zaninta ta goge mini haɓa.